Ƙotar Bindigar Kofur

Litinin, 3 ga Maris

Yau wata malamar makaranta ta kawo min aikin da rabona da irinsa tun Baba yana da rai. Ta shigo shago da abu naɗe cikin tsohon bargo, ta ajiye kan benci a hankali kamar mai kwantar da jinjiri. Da na warware sai ga bindigar soja, irin ta da, doguwa mai nauyin tsiya. Na ja da baya. Ta ce in kwantar da hankalina, an toshe bututun da dalma tun ba a haife ta ba, ga ma takardar hukuma. Na leƙa. Gaskiyarta, ko iska ba ta wucewa.

Ƙotar ce ta karye daidai wuya, inda hannu yake kamawa. Gara ta cinye cikinta, gindin kuwa ya zube ya zama gari. Ta mahaifinta ce, tsohon Kofur, ya haura tamanin. Wai kullum tana kan cinyarsa. Makon jiya ta suɓuce ta faɗi, tun ranar kuma ya daina cin abinci. "Ruwa kaɗai yake karɓa," in ji ta. "Likita ya duba ya ce ba ciwo. Ni dai ka yi min ita kafin..." Ba ta ƙarasa ba.

Na ce ni ƙofa da gado nake yi yanzu. Ta ce ai an faɗa mata ɗan gidan masu sassaƙa ƙota ne ni, kuma duk garin ba wanda ya rage. Shi ke nan kaina ya kumbura, na karɓa.

Talata, 4 ga Maris

Na hau na sauko da katakon maɗacin da Baba ya ɓoye a ƙarƙashin rufi. Shekara ashirin yana can yana bushewa, ni kuma ina ƙyashin taɓa shi. Na ƙwanƙwasa, ya amsa tas.

Maƙwabcina mai walda ya karɓi ƙarafan zai cire tsatsa. Ya ɗaga bututun ya ce, "Injiniyan gara, yaƙi za ka tafi da wannan tumbin?" Na ce ya fara gyara ƙofar shagonsa da ke kuka tun bara kafin ya yi magana.

Uwar yara ta kawo abincin rana, kuma ta sake cin nasara a kaina. Bencina bango yake kallo, bayana ga ƙofa, haka Baba ya kafa shi. Ita kuwa sai ta cire takalmi ta sanɗo, ta ɗora min murfin kwano mai ɗumi a ƙeya, sannan ta yi sallama cikin kunnena. Shekara ashirin da shida tana min wannan, kullum kuma sai na zabura. Na yi mata faɗan da na saba, ta yi dariyar da ta saba. In faɗi gaskiya a nan tunda ba mai karantawa: duk yinin, lokacin nake jira.

Alhamis, 6 ga Maris

Na je awo. Ƙa'idar Baba ke nan: tsawon ƙota daga jikin mai ita ake ɗauka, a sa igiya daga gwiwar hannu zuwa gaɓar ɗan yatsa. Ƙa'idarsa ta biyu, mai sassaƙa ba ya ɗora ƙotar wani a kafaɗarsa, mai ita ne zai fara. Ya taɓa zabga min mari a kan wannan ina ɗan shekara goma sha huɗu, bai kuma faɗi dalili ba. Na ɗauka gudun ɓacin ran masu kaya ne.

Ɗakin Kofur ƙarami ne, tsaf. Gado a gyare, zanen gadon ko lanƙwasa babu, an ce a zaune yake barci in ma ya yi. Kujerarsa tana kallon ƙofa sak. Tun daga tsakar gida Malama ta fara ɗaga murya, "Baba, ni ce, da baƙo ɗaya!" Sai da ya amsa muka matsa.

Mutum ne dogo da ya zama ƙashi da fata. Hannayensa biyu a kan cinya, a buɗe, kamar har yanzu abin yana ciki. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da kyau, amma idonsa yana bisa kafaɗata, can waje.

"Wannan ne mai canjin?" ya tambayi 'yarsa.

"Kafinta ne, Baba."

Ya ƙi miƙa hannu. Na lallaɓa na sa igiyar haka nan, awon ya fito gajere kamar na yaro, hannun ya riga ya ƙanƙance. Ba zai yi ba.

Ina naɗe igiya sai ya fara magana, ba da ni ba. Ga abin da na tsinta. Yana sabon soja aka aza shi gadin ƙofar wani sansani, aka ce kada ya gusa sai an zo an canje shi. Da tsakar rana wani mutum ya taho kan hanya riƙe da bokiti. Ya ce tsaya, sau uku. Mutumin ya ci gaba da tahowa. Ya harbe shi. Daga baya ya ji ashe kurma ne, kullum yakan zo ɗiban ruwa a famfon sansanin, duk tsofaffin masu gadi sun san shi, shi ne kawai ba a faɗa wa ba. Ranar kuma aka tashi sansanin a gurguje, ba wanda ya zo ya canje shi.

"Bai faɗi ba," in ji Kofur. "Tahowa yake. Da na ɗauke ido sai ya ƙara taku."

A bakin ƙofar gida Malama ta ce min, "Mahaifiyarmu har ta rasu da gefen fuskarsa take hira. Ni kaina ban taɓa ganin idon babana biyu a kaina ba." Ta faɗe shi ne kamar mai faɗin an ɗauke wuta. Tausayinta ya kama ni. Da na ambaci matsalar awo ta dube ni sama da ƙasa ta ce a hotonsa na samartaka tsayinmu ɗaya.

Juma'a, 7 ga Maris

Na zana, na yanka da zarto, na fara fitar da siffa da gizago. Na tabbatar jijiyar katakon ta bi wuya a miƙe, don can ne kullum take karyewa. Hannu bai manta ba, alhamdu lillahi.

Asabar, 8 ga Maris

Na karya ƙa'idar Baba.

To yaya zan yi? Gindin tsohuwar ya zube, awon mai ita bai yi ba, 'yarsa ta ce tsayinmu ɗaya. Na ɗaure ƙarfen a jikin katakon da igiya, na juya wajen ƙofa saboda haske, na ɗora a kafaɗa, na kwantar da kunci. Ta zauna ɗas, kamar don ni aka yi.

Ƙarfe goma sha biyu ne, rana ta kori kowa daga layi. Can ƙarshen layi, wajen turken lantarki na mararraba, wani mutum yana tsaye da bokiti a hannun dama. Doguwar riga mai ruwan ƙasa, ba hula. Ba ya tafiya, ba ya waige. Na sauke. Turke ne kawai, da akuyar mai gyaran keke.

Layinmu masu ɗiban ruwa nawa ke wucewa a yini? Kuma labarin tsohon yana kaina. Na sa alamar tsawon da fensir na yanke.

Litinin, 10 ga Maris

Aikin zaunar da ƙarfe cikin katako. Wannan ne mai cin rai. A kunna fitilar aci-bal-bal, a turara ƙarfen ya yi baƙi da kunkunniya, a danna shi cikin ramin katako, a ɗaga, duk inda baƙi ya taɓa a kankare da cizal, ƙarfen nan mai kaifin baki. A sake. Yau na yi sau arba'in ko fiye, hannuna da hancina duk baƙi. Mai walda ya leƙo ya ce ashe na koma sana'ar gawayi bai sani ba.

Na ɗora sau ɗaya, don in ga ko bututun ya miƙe.

Mai bokitin yana gaban shagon tela. Daga mararraba zuwa tela gida huɗu ne.

Talata, 11 ga Maris

Ban ɗora ba.

Laraba, 12 ga Maris

Ƙarya na rubuta jiya. Na ɗora, sau biyu.

Abin da ya fi damuna shi ne, in ban duba ba sai in ji hankalina ya ƙi kwanciya. Ina kankara, bayana ga ƙofa, sai in ji ƙeyata tana sanyi. Shekara talatin ina aiki a haka ban taɓa sanin ina da ƙeya ba sai in uwar yara ta ɗora mata murfi.

Na tambayi mai walda, cikin wasa, ko yana ganin wani mai bokiti da tsakar rana. Ya ɗage baƙin gilashinsa ya ce, "Mai bokiti ja ko shuɗi? Da gemu ko ba gemu? In bashi yake bin ka ka ce ba ka nan." Na yi dariya. Na ƙarfe ne bokitin, ya lotse a gefe ɗaya. Ban faɗa masa ba.

Alhamis, 13 ga Maris

Yau na yi abin kunya.

Ina kan cizal, na ji motsi a bayana, ba ƙarar takalmi. Ban san lokacin da na juya ba, cizal a sama, na kuma daka tsawa, "Tsaya nan!" Muryar ko ni ban san ta ba. Uwar yara ce, murfin kwano a hannu, takalmanta a ɗaya hannun. Murfin ya faɗi ya yi ta juyi a ƙasa, mu biyu muna kallonsa har ya tsaya.

Na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai. Ta zuba min abinci ta zauna nesa, kan buhun ɓawon katako. Can ta ce, "Malam, ka mayar wa mutane da kayansu." Na ce kwana uku ya rage. Ta ce, "Tun da abin nan ya shigo shagon nan, in ina maka magana bayana kake kallo."

Na musa. Da ta tafi na zauna na daɗe ban taɓa komai ba. Ban taɓa ɗaga mata ko tsinke ba tun da aka kawo ta gidana.

Juma'a, 14 ga Maris

Malama ta kira a waya. Kwana goma sha takwas ke nan ba abinci, jiya ko ruwan ma da cokali. Ta ce ba ta son takura min. Muryarta kuwa takurawa ce zalla, kuma ban ga laifinta ba.

Na goge da takardar guga, mai kaushi sannan mai laushi. Na shafa mai na farko. Baba kan yi shafi bakwai, kwana ɗaya tsakanin kowanne. Ni uku zan yi, Allah Ya yafe min.

Asabar, 15 ga Maris

Da man ya shiga, jan maɗacin ya fito kyakkyawa, sai wuri ɗaya. Daidai inda kunci yake kwanciya akwai tabo baƙi, faɗin tafin hannu, har ya ɗan lotsa. Na ɗauko guntun tsohuwar na jera su. Tabo ɗaya, wuri ɗaya. Na tsohuwar shekara sittin ya ɗauka kafin ya yi haka.

Na kankare, na sake shafawa. Kafin la'asar ya dawo.

Gumi ne. Zafi ake, kuma fuskata maiƙo gare ta, uwar yara ta sha faɗa.

Mai bokitin yana bakin famfon layi yanzu, tsallaken kwata. Daga nan ina iya ganin ƙafarsa, ba takalmi. Bokitin babu ruwa. Fuskar ba ta fushi ba ce, abin da ya fi tayar min da tsigar jiki ke nan. Fuskar mutum ce da ya zo abin da ya saba zuwa yi kullum.

Gobe in gama, jibi in kai, in wanke hannuna. Ba zan ce wa tsohon komai ba.

Litinin, 17 ga Maris

Zan rubuta yadda ya faru a jere, don kaina ya daina juya shi.

Na isa da hantsi. Malama ta yi kiranta daga tsakar gida, amsar ta zo da ƙyar. Ya ƙara zubewa, leɓɓansa sun tsattsage, amma idon yana nan kan ƙofa. Na warware bargon na ɗora masa a cinya. Hannayen suka rufe a kanta daidai, ko lalube bai yi ba. Ya shafa wuyan, ya shafa gindin. Da babban yatsansa ya kai kan tabon sai ya tsaya.

"Ka ɗora ta," ya ce.

Na ce don awo ne, Baba.

"Ina ya kawo?"

Na yi niyyar cewa wa. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Bakin famfo."

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa ƙarfe nawa. Malama tana kallona, ni kuma ina kallon ƙasa.

Sai ya miƙe. Mutumin da aka ce ɗaukarsa ake zuwa bayi, ya dafa kujera ya miƙe tsaye. Ya haɗa diddige. Ya riƙe bindigar da hannu biyu ya miƙo min, ya ce da murya garau, "Ƙofa ɗaya ce. Ba a barin ta. Ba a ɗauke ido. Ka karɓi gadi?"

Na fahimci abin da yake nufi sarai, ba zan yi wa kaina ƙarya ba. Na tuna marin Baba. Na tuna murfin kwano yana juyi a ƙasa. Na buɗe baki in ce ni kafinta ne.

Malama ta matso bayana tana raɗa, "Don girman Allah ka ce e. Magana ce kawai. Zai faɗi."

Zai faɗi ɗin kuwa, hannayen sun fara sauka. Sa'an mahaifina ne, a tsaye a gabana, yana miƙo min abu da hannu biyu. A gidanmu ba a koya min yadda ake barin hannun dattijo a miƙe ba. Na sa hannu biyu na karɓa.

"Na karɓa, Baba."

Ya sara min irin na soja. Ya saki numfashi mai tsawo, ya koma kan kujera. Sannan ya juya kansa, a hankali, har wuyan yana ƙara, ya dubi 'yarsa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ce, "Ashe har kin yi furfura."

Ta durƙushe a wurin. Ni ma idona ya cika, ban ɓoye ba. Can ya ce mata, "Akwai abin ci a gidan nan?"

Na jingine bindigar a bango na fito. Ta biyo ni tana godiya tana kuka, ta ce za ta rataye ta a falo. Na ce ya yi kyau. A hanya na yi ta faɗa wa kaina, magana ce kawai.

Talata, 18 ga Maris

An ce ya ci sau uku. Ya kwanta kan gado, karo na farko da 'yarsa ta gani.

Na share shago, na ƙone ragowar tsohuwar ƙotar. Na koma kan ƙofar da na bari tun farkon wata.

Alhamis, 20 ga Maris

Kofur ya rasu jiya da yamma. A kwance, fuskarsa ga bango, bayansa ga ƙofa. Kwana biyun nan wai hira suka yi ta yi, ya tambaye ta sunayen jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ya ce ta kwatanta masa fuskar mahaifiyarta. Na je gaisuwa. Bindigar tana rataye a falo, ta yi kyau, ba yabon kai ba. Ban matsa kusa ba.

Allah Ya jiƙansa. Da za a sake maimaita ranar, ban san ko zan iya cewa a'a ba.

Asabar, 22 ga Maris

Na je wasa cizal a bakin ƙofa da tsakar rana. Hannuna ba komai sai cizal da dutsen wasa.

Ya tsallako kwata.

Lahadi, 23 ga Maris

Ba aiki yau, amma na zo shago. Akwai 'yan abubuwan da zan kimtsa.

Laraba, 26 ga Maris

Na juya benci. Mai walda ya taya ni ɗagawa, yana mita wai shekara talatin sai yau na gano ina da ƙofa. Saboda haske ne. Idona ya fara rauni, kuma ta nan hasken ya fi sauka kan aiki. Da Baba yana nan shi ma da ya juya.

Aiki yana tafiya, sai dai a hankali. Na yanke yatsa sau biyu, ba wani abu ba ne, mutum yakan saba da yi ba tare da ya sunkuya ba.

Uwar yara ta kawo abinci. Tun daga wajen famfo ta ɗaga murya, "Malam, ni ce!" ta tsaya sai da na amsa. Ni ban ce ta riƙa yin haka ba. Da takalmanta ta shigo. Ta zauna kusa da ni tana ba ni labarin babbar 'yarmu, wai jikan ya fara haƙori, ya ciji uwarsa. Na yi dariya inda ya kamata. Can ta dafa min gwiwa, ta ce, "Dube ni mana."

Na ce ina jin ki.

Ina jin ta ɗin kuwa, ba abin da ya wuce ni. Mai bokitin yana nan inda yake tun Asabar, taku shida daga ƙofa. Bai ƙara ko ɗaya ba.